Gilashin duniyar kwaikwayo a ɗakin masanin halayya: tambayoyi da amsoshi

Tun da labari ya fara yawo cewa gilashin nan da samari ke wasan kwamfuta da shi ya shiga asibiti, ana ta tambayoyi iri ɗaya: daga masu fama da tsoron da ya hana su sakat, daga 'yan uwansu, da kuma ɗaliban fannin halayyar ɗan Adam. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, an fara da masu sauƙi.

Mece ce duniyar kwaikwayo, kuma yaya gilashin yake aiki?

Na'ura ce da ake ɗaurawa a fuska ta rufe idanu ruf, kamar takunkumi mai kauri. A cikinta kowane ido yana da hotonsa, na dama ya ɗan bambanta da na hagu, shi ya sa abin da kake gani yake da zurfi da nisa. Akwai kuma ƙananan na'urori masu bin motsin kanka. Ka waiga hagu, ka ga abin da ke hagu. Ka sunkuya, ka ga ƙasa. Wannan bin motsin shi ne sirrin abin: talabijin kallonsa kake yi, wannan kuwa ji kake kana ciki. A kanti da intanet za ka ga an rubuta masa haruffan VR.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1968 Ivan Sutherland ya ƙera irinsa a Amurka, mai nauyin da sai an rataye shi a rufin ɗaki. Abin da ya sauya shi ne farashi. A 2014 Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera irin wannan gilashi a kan kusan dala biliyan 2, kuma a 2020 aka fito da gilashin Quest 2 a kan dala 299, wanda ba ya buƙatar a jona shi da wata kwamfuta. Kayan da da sai ɗakin binciken jami'a, yanzu suna shiga jakar hannu.

Shi kuma maganin gyaran tunani da ɗabi'a, wane iri ne?

Magani ne na zama da magana da gwaji, ba na allura ko ƙwaya ba. Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffan CBT. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, shi ya kafa ɓangaren tunanin a shekarun 1960. Ɓangaren ɗabi'a ya riga shi, kuma Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu yana cikin manyansa tun shekarun 1950. Tushensa shi ne: abin da mutum ya raya a ransa, da abin da jikinsa ya ji, da abin da ya aikata, a sarƙe suke. In ka taɓa ɗaya, sauran sun motsa.

Hausawa sun daɗe da gano rabin maganar, da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ɗaya rabin shi ne gudun da kansa. Duk ranar da ya gudu, sai ya ji sanyi a ransa, ƙwaƙwalwarsa ta rubuta cewa gudun ne ya cece shi. Bai taɓa tsayawa ya ga tsumma ne ba. Aikin masanin shi ne ya tsayar da shi gaban tsumman, daga nesa zuwa kusa, har ya gani da idonsa. Ana kiran wannan tunkarar abin tsoro a hankali, kuma a nan ne gilashin yake shigowa. Gilashin ba shi ne maganin ba. Hanya ce ta kawo tsumman cikin ɗaki.

Tunda mutum ya san ƙarya ce, ta yaya za ta yi masa aiki?

Hankali ya san ƙarya ce, amma jiki ba ya jiran hankali. A wani gwaji da aka buga a 2002 daga Jami'ar North Carolina, an sa wa mutane gilashi suka shiga wani ɗaki da tsakiyarsa ya rufta, rami mai zurfin kusan mita shida, su kuma suna tsaye a ɗan siririn gefe. Sun san a kan daɓen ofis suke. Duk da haka bugun zuciyarsu ya ƙaru, tafin hannu ya jiƙe. Sashen ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawar haɗari ya fi sashen da ke nazari sauri, kuma shi ido da kunne yake saurara.

Sanin cewa ƙarya ce ma riba ce. Mutumin da ko a mafarki ba zai taka barandar bene na goma ba, zai yarda ya taka ta cikin gilashi, don ya san ba zai faɗi ba. Jikinsa zai firgita kamar da gaske, ya tsaya, firgicin ya lafa, kuma darasin da ya koya ya bi shi waje. Hoton ba sai ya yi kyau sosai ba. Na shekarun 1990 kamar zanen yara yake in an gwada da na yau, amma gwiwoyin mutane sun yi ta kaɗawa. Masu bincike a Jami'ar Washington da ke Seattle sun gano wata dabara a 1997: suna yi wa wata mata maganin tsoron gizo-gizo, sai suka ajiye gizo-gizon roba mai gashi daidai inda hannunta zai taɓa na cikin hoto. Taɓawar nan ta ƙara wa abin tasiri.

Yaya zama ɗaya yake gudana?

Zaman farko, wani lokaci har na uku ko na huɗu, ba a ma ɗauko gilashin. Masanin zai tambayi tarihin tsoron, ya bayyana yadda gudu ke ciyar da shi, sannan su gina tsani tare, daga abin da ya fi sauƙi zuwa wanda ya fi tsanani. Zai kuma koya wa majinyaci ma'aunin da Wolpe ya ƙirƙiro, daga 0, wato hankali kwance, zuwa 100, wato firgicin da ba a taɓa jin irinsa ba.

A ce wata dattijuwa ce mai tsoron jirgin sama. An zaunar da ita a kujera mai bel irin ta jirgi, a ƙarƙashinta an ɗaura lasifika mai girgiza kujerar. Kafin ta sa gilashin ya tambaye ta: "Hajiya, me kike ganin zai faru in jirgin ya tashi?" Ta ce, "Numfashina zai ɗauke, in suma a gaban mutane." Ya rubuta. Ta sa gilashin, ga ta kusa da taga, ga fiffike, inji bai tashi ba. Shi yana ganin duk abin da take gani a allon kwamfutarsa. "Yanzu nawa, Hajiya?" "Arba'in, likita." Suka zauna a nan har ta ce ashirin. Ya danna, inji ya fara ruri, kujera ta ɗauki rawa. "Tamanin! Ka kashe shi." "Zan kashe in kin ce lallai, amma mu ƙara minti ɗaya. Duba ta taga ki gaya mini abin da kike gani." Ta duba. Minti uku, huɗu, ta ce sittin.

Bayan an cire gilashin sai a koma kan takarda: kin ce za ki suma, kin suma? Wannan tambayar ita ce zuciyar zaman. Galibi zama yana ɗaukar minti 45 zuwa awa ɗaya, ba duka a cikin gilashi ba, kuma ana tafiya gida da aiki, misali ta je bakin filin jirgi ta zauna ta kalli tashi da sauka. Yawan zaman ya danganta da ciwon, amma ga tsoron abu guda ana yawan gamawa tsakanin shida zuwa goma sha biyu.

Me ya sa ba za a kai mutum wurin na gaske kawai ba?

In wurin na gaske yana kusa kuma mutum ya yarda, a kai shi. Mai tsoron kyanwa ko kyankyaso ba ya buƙatar na'urar dala ɗari uku, ga su nan a kowace unguwa. Gilashi yana da amfani inda na gaske yake da tsada ko wuyar sarrafawa. Ba za ka ce wa matuƙin jirgi ya sake tashi sau biyar a awa ɗaya ba, ba za ka yi odar tsawa da walƙiya a watan Janairu ba, ba kuma za ka tara mutum ɗari a zaure don ɗalibi ɗaya ya gwada jawabi ba. A cikin gilashi duk wannan danna maɓalli ne.

Sai kuma kunya. Tsoro na daji, kunya na gida. Magidancin da ke tsoron lifta ba zai so a gan shi a bakin lifta yana zufa, wani yana lallashinsa ba. A ɗakin masani babu mai ganinsa. Wani bincike na 2007 da Azucena García-Palacios ta jagoranta ya tambayi masu irin wannan tsoro 150: kashi 76 cikin ɗari sun zaɓi gilashi a kan tunkarar gaske, kuma kashi 27 sun ce ba za su yi na gaske ba sam, alhali kashi 3 kacal suka ƙi gilashi. A ganina wannan ce babbar fa'idarsa. Maganin da mutum ya ƙi zuwa, komai ƙarfinsa, bai warkar da kowa ba.

Akwai hujjar bincike, ko talla ce?

Akwai, kuma ta kai shekara talatin. A 1995 Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory da Larry Hodges na Georgia Tech, duk a Atlanta, suka buga gwajin farko mai rukunin kwatance: ɗalibai masu tsoron tsayi, aka sa su hawa gadoji da baranda da liftar gilashi ta kwaikwayo. Tsoronsu ya ragu, na rukunin kwatancen, wato waɗanda ke jiran layi ba a fara musu magani ba, bai motsa ba. A 2000 suka buga na tsoron jirgi, zama takwas cikin mako shida. Wasu gilashi aka sa musu, wasu aka kai su filin jirgi na gaske. Bayan wata shida, kashi 93 cikin ɗari na kowane rukuni sun hau jirgi. A 2019 Emily Carl da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwaje 30 masu mutum 1,057, suka ga gilashi ya fi zaman jira nesa ba kusa ba, kuma ya yi kunnen doki da tunkarar gaske.

A lura da kalmar: kunnen doki. Duk mai ce maka gilashi ya fi tunkarar gaske, ya wuce abin da bincike ya nuna. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, da yawa kuma da masu jiran layi aka gwada, wanda fin su ba wuya. Sannan wasu manyan masu binciken suna da hannu a kamfanonin da ke sayar da manhajar: Rothbaum da Hodges sun kafa Virtually Better, Daniel Freeman na Oxford yana cikin waɗanda suka kafa Oxford VR. Suna bayyana hakan a takardunsu, ba laifi ba ne, amma mai karatu ya sani.

Waɗanne matsaloli ne suka fi amsa shi?

Tsoron abu guda shi ne kan gaba: tsayi, jirgi, gizo-gizo, matsattsen wuri, tuƙi. Sai tsoron idon jama'a, musamman jawabi a gaban taro, inda masani zai iya sa 'yan kallon kwaikwayo su yi tafi, ko su yi hamma, ko su duba waya. Sai tsoron fita daga gida da shiga cunkoso. Ciwon damuwa mai sa mutum ya yanke ƙauna da rayuwa ba ya cikin waɗanda hujjarsu ta yi ƙarfi, domin ba wani abu guda ake gudu ba balle a kawo shi cikin gilashi.

Akwai kuma ɓangaren raɗaɗin jiki, amma kada a haɗa iri biyu. Wata duniyar ƙanƙara ta kwaikwayo da Hunter Hoffman ya gina wa masu ƙuna a Seattle, ɗauke hankali take yi lokacin wankin ciwo, ba gyaran tunani ba. Wanda ya ginu a kan gyaran tunani shi ne EaseVRx, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2021 don ciwon baya mai daɗewa: gajerun darussa 56 cikin mako takwas, a gida.

Wanda ya ga tashin hankali, yaƙi ko hari, za a mayar da shi cikin abin da ya gani ke nan?

Za a mayar da shi, amma a hannun ƙwararre, da yardarsa, kaɗan-kaɗan. Dalilin bai bambanta da wanda aka bayyana a amsa ta biyu ba, sai dai a nan abin da ake gudu tunawa ce. Tun ƙarshen shekarun 1990 rukunin Atlanta ya gina Biyetnam ta kwaikwayo don tsofaffin sojoji. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, JoAnn Difede ta yi amfani da irinta ga waɗanda suka tsira a Niyok. Albert Rizzo na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya gina ta Iraƙi da Afganistan, wadda daga baya aka sa wa suna Bravemind. A cikinta soja yana ba da labarinsa da bakinsa, masani yana ƙara abin da ya ambata: ƙarar harbi, girgizar mota, har warin man dizal da ƙonannen roba. An yi ta ne musamman don masu ba da labari a bushe, kamar ba su abin ya faru da su ba.

Amma a nan gilashi bai yi zarra ba. A gwajin da Greg Reger ya buga a 2016 kan sojojin Amurka 162, gilashi da tsohuwar hanyar rufe ido a ba da labari duk sun fi zaman jira, sai dai bayan wata uku da wata shida tsohuwar hanyar ce ta fi. Wannan labari ne mai daɗi ga yankunanmu da suka sha rikici, daga Borno zuwa Zamfara: hanyar da ba ta buƙatar na'ura ba ta baya ba ce. Abin da ba za a taɓa yi ba shi ne a ɗauko bidiyon yaƙi a sa wa wanda ya tsira da nufin ya saba. Wannan fama miki ne.

Mai jin muryoyi ko zargin ana binsa da sharri fa, ba zai ƙara rikicewa ba?

Likitoci ma sun yi wannan fargabar da farko, gwaji bai tabbatar da ita ba. A Holan, an buga gwaji a 2018 kan majinyata 116. Zama 16 suka yi, suna yawo a titi, bas, shagon shayi da kanti na kwaikwayo, masani yana ƙara yawan mutanen ciki, yana sa wasu su harare su. Zargi da fargaba sun ragu, ko da yake lokacin da suke zama da mutane bai ƙaru nan take ba.

A Ingila, gwajin wata manhaja mai suna gameChange na 2022 ya ɗauki mutum 346 da tsoro ya kulle su a gida. Zama shida ne, mai koyarwar ma na kwaikwayo ne, ma'aikacin lafiya yana gefe. Amfanin da aka gani a jimla kaɗan ne, amma waɗanda kullensu ya fi tsanani sun fi kowa samun sauƙi, kuma nasu ya ɗore. A kan haka ne hukumar NICE, mai tantance magunguna a Ingila, ta ba da damar amfani da shi a 2023 ga wannan rukunin, ana ci gaba da tattara hujja. Duk waɗannan ƙari ne a kan kulawar likita da suke samu, ba madadinta ba.

Zan iya sayen gilashi in yi wa kaina magani a gida?

Ga tsoro mai sauƙin fasali irin na tsayi, akwai hujja cewa tsararriyar manhaja tana aiki ko babu masani. A 2018 rukunin Freeman ya gwada mutum 100 da suka yi kimanin shekara 30 suna tsoron tsayi. Mai koyarwa ta kwaikwayo ce ke hawa da su wani bene mai hawa goma, tana sa su ayyuka, har da ceto kyanwa daga reshen bishiya. Zama shida na minti 30 cikin mako biyu, tsoron ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. A 2019 Tara Donker ta Amsterdam ta nuna irin wannan da mutum 193, su da wayar hannu kawai da gilashin kwali mai araha.

Sai dai waɗannan darussa ne da masana suka tsara hawa-hawa. Bidiyon lilon sama da ka samo a YouTube ba shi ba ne. Haɗarin shi ne ka fara da sama, ka firgita, ka fizge gilashin a daidai lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa. Ka sake gudu ke nan, ka ƙara wa tsoron abinci. In matsalarka ta shafi tashin hankalin da ka gani, ko jin muryoyi, ko tunanin cutar da kai, kada ka taɓa yin wannan kai kaɗai.

Yana da illa? Wa bai kamata ya sa ba?

Wadda aka fi sani ita ce jiri da tashin zuciya, irin na wanda mota ke juya wa ciki. Ido yana cewa kana tafiya, kunnen ciki mai kula da daidaito yana cewa a zaune kake, sai jiki ya rikice. Yakan wuce bayan an cire gilashi, kuma ya fi sauƙi in zaman gajere ne, ana zaune. Matsalarsa a nan ita ce ya yi kama da alamun fargaba, don haka gaya wa masani ya bambance. Kada ka hau babur ko ka tuƙa mota sai kanka ya washe.

Mai farfaɗiya, musamman wadda walƙiyar haske ke tayarwa, da mai ciwon zuciya mai tsanani, da mai matsalar jiri, da mai juna biyu, duk su fara jin ta bakin likitansu. Yara ƙanana ma kamfanonin da kansu sun sa musu iyakar shekaru. Sannan abu ne mai manne wa fuska: in ba a goge shi tsakanin mutum da mutum ba, lokacin afolo sai ya zama mai rabon ciwon ido.

In sha ƙwayar kwantar da hankali kafin zama? Addu'a fa?

Ƙwayoyin nan masu kwantar da jiki nan take, irin su alfurazolam da dayazifam, suna iya hana koyon da ake nema. A Stanford a 1997 an ba wasu mata masu tsoron jirgi alfurazolam, suka ji sauƙi a tashin farko, amma a na biyu da babu ƙwaya suka fi waɗanda ba su sha ba firgita. A 2014 Rothbaum ta ga makamancin haka a tsofaffin sojoji 156 da ke maganin gilashi. Ƙwaƙwalwa cewa take ƙwayar ce ta cece ni. Wannan ba izini ba ne ka daina maganin da likita ya ɗora ka a kai, domin yanke irin waɗannan farat ɗaya yana da haɗari. Ka gaya wa masanin duk abin da kake sha.

Haka ƙananan dabarun fakewa suke: runtse ido, ƙanƙame hannun kujera, ƙin kallon taga. Masani zai sa a ajiye su ɗaya bayan ɗaya. Addu'a kuwa ba a hana kowa ba. Wanda ke karanta addu'ar hawa abin hawa kullum, ya karanta abinsa, sannan ya buɗe ido ya dubi taga. Abin da masanin ke kallo shi ne ko mutum yana nan cikin jirgin da hankalinsa, ko ya runtse ido ya tsere yana jiran a sauka.

Mahaifiyarmu ta biya kujerar Makka amma tana tsoron jirgi. Ina za mu fara?

Ku fara yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne a sama, kuma gwajin da aka ambata a amsar hujjar bincike mako shida ya ɗauka. Ku kai ta sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko Maiduguri, ku nemi ganin masanin halayya mai yin gyaran tunani da ɗabi'a. Kada ku je kuna tambayar gilashi. Abin da ya yi ƙaranci a ƙasar nan shi ne ƙwararrun, ba na'urar ba, kuma wanda ya iya aikin zai gina mata tsani da abin da ke akwai: sauraren ƙarar inji a waya, bidiyon cikin jirgi, zuwa filin jirgi, in da hali gajeriyar tafiya zuwa Abuja.

Ku tambaye ta ma ainihin abin da take tsoro, cikin ladabi, ba a gaban surukai ba. Wata faɗuwa take tsoro, wata rufe ƙofa, wata kuwa cunkoson ɗawafi da jifa ne ke hana ta barci, ta fake da jirgi. Tsanin kowannensu daban ne.

Wuraren da ke cikin gilashin na Turawa ne. Za su yi wa Bahaushe aiki?

Ya danganta. Tsayi tsayi ne ko a ina, cikin jirgi ma iri ɗaya ne. Amma tsoron mutane a cikin al'ada yake zaune. Wuraren gameChange shida ne: titi, bas, kanti, shagon shayi, ɗakin jiran likita, da mashaya. Matashin da ke kasa shiga kasuwar Kwari, ko matar da gidan biki ke sa wa faɗuwar gaba, ko ɗalibin da muryarsa ke rawa in zai gaida manya a zaure, mashayar Ingila ba za ta taɓo musu inda ke ciwo ba. Kallon ido ma: a can sunkuyar da kai alamar fakewa ce da ake son a daina, a nan gaban babba ladabi ne.

Hanya mafi araha ita ce kyamarar da ke ɗaukar kowane gefe lokaci guda. A ɗauki tasha ko aji ko layin asibiti da izinin mutanen wurin, a kalla ta gilashin kwali. Ba za ka iya tafiya a ciki ba, masani ma ba zai iya ƙara mutane ko rage su ba, amma hayaniyar taka ce, harshen naka ne.

Ina bayanan da na'urar ke ɗauka suke zuwa?

Gilashin kasuwa yana aiki da asusun kamfani, yana ɗaukar motsin kai da hannu, wasu har inda ido ke kallo. Manhajar magani kuma tana iya ajiye amsoshinka. Tambayi asibitin ko da asusun wa aka shiga, ko ana naɗar murya, da wanda ke iya ganin bayanan. A gida, kada ka shigar da cikakken sunanka a manhajar da ba ta bayyana inda take ajiye bayani ba.

In an gama, tsoron zai iya dawowa?

Zai iya leƙowa, kuma wannan ba alamar aikin ya lalace ba ce. A da an ɗauka tunkarar abin tsoro goge tsohon tsoron take yi. Fahimtar da ta fi ƙarfi yanzu, wadda Michelle Craske ta Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ta yi fice da ita, ita ce ba a goge komai ba: sabon darasi ake rubutawa kusa da tsohon, su yi ta gasa. Tsohon yakan yi nasara in an daɗe ba a gwada ba, in wurin ya bambanta da inda aka koya, ko in mutum yana cikin gajiya da damuwa.

Wannan ya fi shafar gilashi, domin ɗakin masani wuri ɗaya ne, mai sanyi, mai aminci. Shi ya sa masanin kirki yake sassauya yanayin, yau rana, gobe hadari, yau kujerar taga, gobe ta tsakiya, wani zaman ma ya fita ya bar ka kai kaɗai. Shi ya sa kuma ba ya cewa an gama sai ka taka wurin na gaske. Mai tsoron tsayi, a makon da ya ajiye gilashi, ya hau gadar masu tafiya a ƙasa da ya saba kauce wa yana tsallaka titi da gudu, ya tsaya a tsakiyarta, ya saki ƙarfen, ya ƙirga motocin da ke wucewa a ƙasa har hamsin. Mako mai zuwa ya nemi wata gadar.